Gefen Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ƙafar dama ce. Daga mara ciwon yake tasowa, ya bi cinya, ya tsaya a bayan gwiwa kamar an ɗaura igiya ana ja. Na taka keken ɗinki har na haɗa hannun riga ɗaya, sai na haƙura. Mai rigar ta zo ta dube ni ta ce, "Ai kin warware, har ƙiba kika yi." Na yi mata dariya. Me zan ce? Ciwon da ba ya kumbura ba ya samun 'yan dubiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti. Hoto bai nuna komai ba, kamar kullum. Likita ya ce tun aikin da aka yi min aka ciro Maɓalli, 'yata, cikin ya warke ne a manne, hanji ya liƙe inda bai kamata ba. Na ce, "Wato an haɗa shafi da riga an bi da ɗinki." Ya ce kusan haka ne, kuma in aka sake buɗewa yana iya mannewa fiye da da. Ba sai ya yi min dogon bayani ba, na san yadda yadi yake komawa in aka farke shi sau biyu.

Magani dai, da haƙuri. Yarinyar ta shekara huɗu, ni ma shekarata huɗu ina shan haƙurin nan.

Asabar, 15 ga Maris

Maɓalli ta taso daga wasa a guje ta faɗo min a ciki. Ƙarar da na yi, ban san ta fito ba. Inna, uwar mijina, ta fizge ta tana cewa, "Ba a hawa Mama. So kike ki ƙarasa ta?"

Da babanta ya dawo ya kafa doka: ba ɗauka, ba goyo, ba zama a cinya, sai na warke. Don ni suka yi, na sani. Kuma tunda ba mai karanta wannan, na ji daɗin dokar.

Laraba, 19 ga Maris

Almakashi ya faɗi ƙasa. Na zauna ina kallonsa har Inna ta shigo.

Lahadi, 30 ga Maris

Doka ta kama, har ta wuce gona da iri. Da can a ƙarƙashin keke Maɓalli take wuni, tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yartsanarta zani, ina korar ta daga bakin feda tana dawowa. Yanzu a bakin ƙofa take tsayawa, hannuwa a baya, kamar baƙuwar da ta zo karɓar ɗinki. Ɗazu ta yi tuntuɓe ta goge gwiwa. Ta gabana ta wuce da kukanta, ta tafi wajen Inna.

Ita kuma Inna duk wanda ya shigo gidan sai ta ce masa, "Tun da aka haifi yarinyar nan, baiwar Allah ba ta ƙara lafiya ba." Tausayi ne, ba mugunta ba. Amma a gaban yarinyar take faɗa, wai yaro bai san komai ba.

Talata, 8 ga Afrilu

A kwance na wuni, ko ɗakin ɗinki ban leƙa ba. Maɓalli ta kawo min ruwa a kofinta. Ta ajiye nesa, ta turo shi da yatsa a hankali har ya iso inda hannuna zai kai. Na ce, "Zo mana, uwata." Ta girgiza kai. Ta ce, "A'a, zan ƙarasa ki."

Na juya fuskata bango. Inna ta ɗauka ƙafar ce, ta kawo min ruwan zafi.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na yi wa babanta maganar. Ya ce, "To ya kike so a yi? In ta hau ki kuka, in ba ta hau ba kuka. Ki bari ki warke tukuna." Na ce, "In ban warke ba fa?" Ban taɓa faɗa a fili ba sai yau. Inna ta ce bakina ya sari ɗanyen kashi. Shi kuwa ya daɗe yana neman makullinsa, alhali yana hannunsa.

Ina jin haushinsu, ina jin haushin cikin nan nawa. Tsoro ma nake ji. Kada in tashi wata rana in tarar yarinya ta saba da rashin uwa, uwar tana zaune a ɗaki.

Asabar, 26 ga Afrilu

Rigunan Maɓalli sun yi mata kaɗan, dole in gwada ta. Ta tsaya ƙiƙam, ta riƙe numfashi, kada jikinta ya taɓa nawa. Na ɗora tef ɗin awo a kafaɗarta.

Ban shirya ba. Allin da nake zana yadi ne a hannuna, kawai sai na ja layi a kan zanina, daga cibiya har ƙasa. Na ce, "Kin ga nan? Na ciwo ne. Nan kuma, gefen hagu, naki ne."

Ta daɗe tana kallon layin. Ta nuna dama ta ce, "Ni na yi wancan?" Na ce a'a, ɗinkin likita ne ya cije, ke ba ruwanki. Ta san ɗinki yana cijewa, ta sha jin ina faɗa da keke. Sai ta hau cinyata ta hagu, a hankali, tana ɗage ƙafarta kada ta taka alli.

Inna ta leƙo, ta gan mu, ta koma.

Ciwo bai san alli ba, ya ƙetaro abinsa. Ban motsa ba. Ba wai na fid da rai da warkewa ba ne, a'a, ban ce haka ba. Kawai dai na zauna har ta yi barci a ƙirjina.

Ta yi nauyi. Ban san yaushe ta yi nauyi haka ba.