Bununin Gero Ya Tsare Ni a Ɗaki

Assalamu alaikum Yaya Bukar. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafin Agadas? Mu nan Diffa lafiya lau, ban da hancina.

Geron da ka matsa mini in shuka bayan gida ya yi bununi. Tun ranar nake atishawa, ƙirjina na shaƙewa, kaina kamar an cusa auduga. Ran Talata ina jan Magariba, Ƙulhuwallahu ta ɓace mini, sai daga sahun baya aka ɗora ni. An ba ladan limanci, wai kafin in warke. Lokotoron asibiti ya ce in rufe taga in zauna ɗaki, mai ɗakina Falmata kuwa ta zama gandiroba.

Gaida Yagana da yara. Ku yi mini addu'a geron nan ya nuna kafin jama'a su saba da muryar ladan.

Ƙanenka,
Kiari