Man Birkin Tsohuwa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kin isa lafiya, kin kuma tarar da asibitin yadda aka kwatanta miki, ko da yake na san irin kwatancen da ake yi wa mutum kafin ya sa hannu a takardar aiki. Tunda babu sabis a can, zan riƙa ba direban motar magani wasiƙa duk Talata, ki ba shi amsa in zai juyo ranar Alhamis. Ni hakan ya fi mini. Waya ba ta taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Sai batun Tsohuwa. Na ba ki ita ne don bai kamata malamar jinya ta zauna a ƙauye babu mota ba. Shekararta talatin da ɗaya, kuma hannun kowa bai taɓa shiga cikinta ba sai nawa. Kullum da safe ki duba ruwan lagireto kafin ki tayar da ita, kada ki kuskura ki buɗe shi da zafi. In kin murɗa makulli kin ji ƙas-ƙas kawai, kan batir ne ya yi farin gari, ki zuba masa ruwan zafi ki ƙara ɗaure shi. In tana shessheƙa a hawa, matatar mai ce, akwai sabuwa a ƙarƙashin kujera. Kada ki kai ta wurin makanikan zamani, waɗanda in mota ta yi tari sai su ce a sauke inji.

Birki kuwa ki cire shi daga ranki. Da safen da za ki tafi na zubar da tsohon man, na wanke layin, na cika da sabo. Shekara biyu ba zai nemi komai ba.

Watan jiya na bi ta makarantar da na koyar da gyaran mota shekara ashirin da shida. Ɗakin aikinmu sun mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Mai gadi bai gane ni ba, ya tambaye ni wa nake nema. Na ce ba kowa.

Na gode da sharar gareji da kika yi mini ana gobe za ki tafi, amma har yau ina neman sifana mai lamba goma.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Sifanarka tana rataye a ƙusa ta uku bayan ƙofa, inda duk mai ido zai gan ta.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Mu biyu ne, ni da wata tsohuwar ungozoma mai faɗa kamar kai, don haka ban yi kewar gida sosai ba. Daga nan zuwa gari hanya biyu ce. Motar magani tana bin ta kwari saboda nauyi, wuni guda. Ƙananan motoci suna haurawa ta tsauni, awa huɗu, amma ba kowa ke binta ba saboda kwanoni da gangara. Babban asibitin da muke tura marasa lafiya yana gindin tsaunin, kuma tun zuwana sau uku na kai mata masu naƙuda can. Mutanen nan har sun fara ce wa Tsohuwa motar asibiti.

Sai dai akwai abin da zan tambaye ka. Kwana biyun nan tana yi mini nauyi, kamar wani ya riƙe ta ta baya. Jiya da na tsaya na ji ƙauri, na taɓa tayar gaba ta dama, ta kusa ƙona ni. Na buɗe murfin man birki yadda ka koya mini. Mai yana nan a cike, amma robar da ke ƙarƙashin murfin ta kumbura ta yi laushi, na yi na yi ta ƙi komawa mazauninta. Ga ta nan na sa maka a ambulan. Ungozoma ta ce tsufa ne, ita ma haka ƙafafunta suke yi.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, da shago. Maƙwabcina mai zuwa garinku saro kaya zai kawo maka wannan. Ka karanta kai kaɗai.

Auta ta aiko mini da robar murfin birki a ambulan. Ina taɓa ta na san abin da ya faru, don na koya wa ɗalibai wannan darasi ya fi sau ɗari. Roba irin wannan ba ta kumbura da man birki. Abin da ke kumbura ta shi ne man inji ko man sitiyari.

Ka san yadda nake ajiye maina, a gorunan ruwa, babu rubutu. Tun ina saurayi man birki yake ƙarshen kanta ta hannun dama, na sitiyari a hagu. Na je na ɗauko su. Ta dama saura kaɗan, ta hagu a cike. Na ɗiga na daman a kofin ruwa na sa yatsa, na ji shi yana yawo a sama. Man birki gauraya yake da ruwa, ba ya tasowa. Ranar da Auta ta share gareji ta sauke gorunan ta goge kanta, ta mayar da su yadda ta ga dama. Washegari na miƙa hannu dama na cika mata birki da man sitiyari.

Abin da zai biyo baya na san shi daki-daki. Robobin ciki za su kumbura su toshe hanyar da mai ke komawa, birki ya riƙa kama taya, shi ne inda take yanzu. Daga nan su yi laushi su yage. Ranar da suka yage, ƙafa za ta tafi har ƙasa babu abin da zai tare ta.

Zan rubuta mata ta ajiye motar. Ba sai na faɗa mata dalili ba, kada ta ɗora wa kanta laifi.

Yayanka.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga robar. Irin jabun kayan da suka cika kasuwa ne, tun da aka daina jin kunya a ƙasar nan. Ki ajiye motar a inuwa, kada ki hau ta sai na samu robobi na ƙwarai na zo da kaina. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ki yi yadda na ce.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Gaisuwa da girmamawa. Iyali suna gaishe ka. Na kira wayarka sau bakwai tana kashe, na kira ta Auta ba ta shiga, shi ya sa na biyo ka ta takarda kamar zamanin iyayenmu.

Yaya, ni tela ne, ban san birki ba. Amma na san man sitiyarin da kake saye ja ne, na birki kuwa kamar ruwan shayi marar kauri, don kai ka nuna mini da bakinka shekarun baya kana yi mini dariya. To yaya aka yi ka tsiyaya jan mai gora guda ba ka gani ba? Zuwanka na ƙarshe ka miƙa wa matata hannu kana ce mata sunana. Muka yi shiru don mun san halinka. Wayar ma na san ba ƙinta kake ba, lambobin ne ba ka gani.

Ka ce ba ka son ta ɗora wa kanta laifi. Wa kake rufa wa asiri, ita ko kai? Auta jininka ce, in ka ce mata kada ta yi abu ba ka faɗi dalili ba, ka san abin da za ta yi. Ka rubuta mata gaskiya da manyan baƙaƙe. Girman da kake tsoron ya zube, in wani abu ya same ta, a wace kanta za ka ajiye shi?

Ka yafe mini in na yi tsauri.

Ƙanenka.

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ajiye ta kwana uku kamar yadda ka ce. Rana ta huɗu aka kawo wata mata jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ungozoma ta dube ni, ni ma na dube ta. Ka ce ba abin tashin hankali ba ne, don haka na ɗauki makulli.

Kafin mu tashi, mai gyaran janaretan asibiti ya zo ya ga tayar ta cije. Ya shiga ƙarƙashi ya sassauta wani ɗan ƙaramin noti, mai ya tsarto, ya mayar ya ɗaure, sai ga taya tana juyawa da hannu ɗaya. Ya ce iska ce ta shiga. Na san za ka ce makanikin zamani ne, ɗan canje-canjen kayan mota, amma bai canja komai ba, kuma matar ta rayu. Yanzu Tsohuwa ta saki jiki, gudu take kamar yarinya. Birkin ne dai ya ɗan yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa, wani lokaci sau uku. Na saba da shi.

Baba, ni ma ina da tambaya. Wasiƙarka ta ƙarshe layukan gangarowa suke, kuma layi na ƙarshe a kan na sama da shi ka rubuta shi. Kai da kake mayar mini da littafi in na tsallake layi. Tun yaushe? Aikina ke nan, ba za ka ɓoye mini ba. Yanar ido ba komai ba ce yanzu, aikin rabin awa ne. Ina da hutu ƙarshen wata, zan zo in kai ka da kaina, ka shirya faɗanka kafin in iso. Robobin ma sai ka sa mata a gida, ka huta da tafiya.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Ki karanta wannan kafin ki yi komai. Gaisuwa ta biyo baya.

Kada ki ƙara tayar da motar nan, ko daga inuwa zuwa inuwa. Ki cire kan batir, ki ba ungozoma makullin ta ɓoye miki.

Ƙarya na yi miki. Robar ba jabu ba ce. Man sitiyari na zuba miki a birki da hannuna, don ban ga launinsa ba. Shekara biyu ke nan ina ganin duniya kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu, ina aiki da lalube, ina cewa ƙwarewa ce. Na gane kuskuren tun ranar da robar ta iso, na zauna a kansa mako biyu don kada a ce malamin birki ya kasa bambanta mai da mai.

Abin da mai janareta ya yi, matsin da ya taru ya saki, ciwon yana nan. Laushin da kike ji robobin ne suka fara yagewa. Taka biyu zai koma uku, uku ya koma babu, kuma a gangara zai faru, don can ne ake matsa masa. Gyaransa sai an zubar da man duka, an wanke layi, an canja duk wata roba da ke cikinsa. Ba aikin da za a yi a can ba ne, kuma ba ni zan yi shi ba.

In ƙaddara ta sa kin riga kin hau, kika taka kika ji wayam, kada ki kashe inji. Ki sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ki ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, ki goga jikinta da dutse ta ɓangaren tsauni. Ki ragargaza ta, ƙarfe ce.

Ƙarshen wata saura kwana tara, wannan za ta same ki ranar Talata. Ki biyo motar magani ta hanyar kwari. Zan bi ki wurin likitan, ba zan ce uffan ba.

Ina gaishe ki, ina gaida ungozoma. Ki yafe mini.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa. Direban magani ya dawo mini da wasiƙata a liƙe. Ya ce da ya isa ranar Talata bai same ta ba. Ungozoma ta ce masa ta matso da hutunta saboda idona, ta fito tun Litinin da safe, ta hanyar tsauni. Shi ya ɗauka zai tarar da ita a nan.

Yau Alhamis.

Maƙwabci zai ba ka makullin gida, ya kuma ba mu aron ƙaramar motarsa. Direban ya yarda ya kai ni, yanzu za mu tashi. Na roƙe shi in mun fara hawa ya tafi a hankali, ya riƙa duba mini ɓangaren kwari. Ni ko na duba ba zan gani ba.

Ka sa mu a addu'a.

Yayanka.