Ni Na Sa Hannu Cewa Babu Burtali

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu. Na san halin wasunku, kafin mutum ya kai rabin zance kun riga kun yanke masa hukunci. Ku daure ku karanta har ƙasa tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, don duk rainin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Na ɗan yi karatu a Kaura Namoda, na dawo gida ina zaman kashe wando. Ana nan sai ga wani kamfani ya zo zai kafa babbar tashar wutar sola a filin da ke gabas da mu, irin wadda ake jera farantai har ido ya gaji, wai wutar za ta kai Kaura da Shinkafi da Zurmi. Suna neman ɗan gari mai jin Turanci da zai tsaya tsakaninsu da jama'a, aka ɗauke ni. Aka ba ni riga mai ƙyalli da hular kwano, na fara taku a cikin gari kamar ni na ƙirƙiro hasken ranar da za su tatsa. Ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Da rani tsaka suka zo awon fili. Mutanen da ba su iya bambanta karan gero da na dawa ba, su ne suka tayar da ɗan jirginsu marar matuƙi, ya yi shawagi, suka leƙa kwamfuta suka ce fili ne fetal, babu kowa babu komai. To da rani me za ka gani? An girbe gonaki, makiyaya sun yi kudu da shanunsu neman ciyawa, ƙasa duk ta zama kala ɗaya. Amma ta tsakiyar filin nan burtali ya ratsa, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki daga daji zuwa gulbi su sha ruwa. Ba a rubuce yake ba, ba allo aka kafa ba, amma ko makaho a garinmu ya san shi. Ni kuwa na fi kowa sani, don gonar Babanmu a bakinsa take. Tun ban san kaina ba, duk shekara bayan girbi Baffa Ja'e, wani dattijon Bafulatani aminin Baba, yake sauke shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Da geron takin nan aka yi mini kuɗin makaranta.

Injiniyan da ke shugabantar aikin ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Duk da haushinsa da nake ji, a nan dai ya yi abin da ya kamata. Ya zo da takarda mai tambayoyi: akwai makabarta a filin? Akwai rijiya? Akwai hanyar dabbobi? Na ce masa, "Yallaɓai, in akwai fa?" Ya ce, "Abu mai sauƙi. Sai mu raba tashar biyu mu bar musu hanya, mu ƙara filin da muka rasa ta wannan gefen." Ya ɗora yatsa a kan taswira, yatsan nan kuwa a kan gonar Baba ya sauka. Na dube shi ido cikin ido na ce babu wata hanyar dabbobi, na karɓi biro na sa hannu.

Na daɗe ina gaya wa kaina don Baba na yi. Ƙarya ce rabi. Ɗaya rabin kuwa ba na so in zama ɗan ƙauyen da ya ɓata wa oga zane, so nake a ce yaron nan ya iya aiki. Da aka tara dattawa don a karanta musu takardar, ni na karanta, na fassara komai na tsallake layin nan. Su ma kada ku tausaya musu. Ko mutum ɗaya bai ce ina shanu za su bi ba. Kowa hankalinsa na kan ɗansa ya samu gadi, da kwalin lemon da aka ajiye a gefe. Dattawan da ke iya kwana uku suna gardama a kan iyakar kunyar gona ɗaya, ran nan baki ya mutu.

Aka zagaye fili da shingen waya, aka kafa ƙarafa, aka jera farantai, aka kawo taransifoma. Ranar buɗewa manya suka zo da jiniya da manyan riguna, aka yanka ƙyalle, aka yi hotuna, suka koma kafin la'asar don ko su ba su yarda da hanyarmu ba. Wutar ta bi ta saman ƙauyenmu a kan dogayen turaku ta wuce birni, mu kuwa har yau a shago muke cajin waya. Duk mako tankar ruwa na zuwa a wanke farantai, ni ina tsaye da hular kwano ina nuna wa leburori inda suka bari, kamar wani abin kirki.

Sai damina ta faɗi, makiyaya suka dawo. Baffa Ja'e ya koro shanunsa kan hanyar da ya bi duk rayuwarsa, ya tarar da waya da mai gadi. Saniya za ta fahimci waya? Ƙishi ya san kamfani? Dole suka zagaya, zagayen kuwa ta cikin gonakin mutane ne, gero ya fara tasowa. Suka tattake gonar wani maƙwabcinmu, suka cinye rabi. Samari suka fita da sanduna, aka fasa wa dattijon nan kai, mutumin da ya girmi iyayensu. Ku da kuka san yankinmu kun san inda rigimar gona da shanu take kaiwa, ba sai na faɗa ba. Mun binne mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Abin da ya fi ba ni takaici, waɗanda suka san sarai an toshe burtali su ne yanzu ke zama a majalisa suna cewa raini ne, da gangan aka yi, a kori makiyayan daga dajin baki ɗaya. Ni kuma ina zaune a cikinsu ina gyaɗa kai. Akwai munafukin da ya kai ni?

Ran da aka fasa kan, Baba ya dawo daga dubiya ko abinci bai ci ba. Ya zauna a zaure yana faɗa shi kaɗai, ina jin sa. "Wane marar tsoron Allah na yac ce ma mutanen ga babu burtali nan? Burtalin da kakana yat tarar? Wallahi da ni anka tambaya, da na ce su ɗebi gonata su bar ma shanu hanya. Gona ta hi jinin mutum?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gonar da na yi ƙarya don ita, mai ita bai ma ɗauke ta a bakin komai ba.

Yanzu hakimi ya kira zama ranar Alhamis, manoma da makiyaya da kamfani. Na je wurin injiniya in ji me zai ce. Ko ɗaga kai bai yi daga kwamfuta ba, ya ce, "Mu ba ruwanmu. Mun tambaya, an ce babu. Zan zo da takardar, sa hannunka ne a kai. In jama'a sun tabbatar kuskure aka yi, sai mu duba yadda za a buɗe hanya." Kuma kun san wa hakimi ya ce zai yi tafinta? Ni. Duk abin da injiniya ya faɗa, ta bakina zai isa kunnen mutane. Ina iya cewa kamfani ya ƙi, a tashi a haka, takarda ta koma jaka, kowa ya ci gaba da ganina da mutunci, Baffa Ja'e kuma ya tashi daga dajin da aka binne iyayensa, in ma an bar shi ya tashi lafiya. Ina kuma iya faɗin abin da ke rubuce, aiki ya tafi, gonar ta tafi, samarin nan su juyo kaina, Baba ya ji sunan marar tsoron Allah ɗin da yake nema a gaban duk gari.

Jiya da hantsi Baffa Ja'e ya zo gidanmu, kansa naɗe da bandeji, ya riƙo mini man shanu a ɗan kwano kamar yadda ya saba tun ina ƙarami. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa kallon fuskarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kai ɗai muka da cikinsu. Ran Alhamis ka hwaɗa musu wada nic ce, kak ka rage komi. Ni ba wuta nika so ba, ba aiki nika so ba. Ƙohwa guda su buɗe, shanu su sha ruwa su komo." Baba na gefe ya ce, "Kwantar da hankalinka, Ja'e. Wanga yaro ba ya ƙarya, ni na haihe shi."

Kwanon man yana nan a ɗakina, na kasa buɗe shi. Alhamis saura kwana biyu. Jama'a, idan injiniya ya ɗaga takardar nan, duk ido ya dawo kan bakina, me zan yi?