Ledar da Ta Kashe Mini Sa

Zuwa ga Alhaji, ɗan kwangilar kwashe sharar birni,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da motocinka. Ni ne Garba, manomin nan na bayan Gezawa da ka juye wa shara a gona bara da rani.

Tun kakanninmu, sharar birni taki ce a wurinmu. Da jaki mahaifina yake ɗauko ta, toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, ƙasa ta cinye ta ba mu dawa. Da takin zamani ya fi ƙarfinmu, ka zo har ƙofar masallaci ka rantse taka tatacciya ce. Na yarda, don ban zaci mai dogon carbi irin naka zai yi rantsuwa a kan juji ba.

Na ɗaya, abin da ka kawo ba taki ba ne. Leda ce da batir da fasassun kwalabe. Duk inda na kafa fartanya, leda nake tonowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja.

Na biyu shi ne ya fi ci mini rai. Jatau, sana na huɗa, shekara shida muna aiki tare. Ya yi kiwo a gonar bayan girbi, ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura, yana ramewa ina kallo. Ranar da muka yanka shi, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinsa, ya kai girman tulu. Na yi kuka a gaban 'ya'yana, ban ji kunya ba. Yanzu ɗan'uwansa kaɗai ya rage, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma, ga damina ta ƙarato.

Sau biyu na aika maka, ka ce wai ba kai ka ƙera ledar duniya ba. Haka ne. Amma kai ka kawo ta gonata.

Buƙatata biyu: ka turo mota ta kwashe ƙazantarka kafin ruwan shuka, ka kuma kawo mini sa madadin Jatau. In ka ƙi, mun tsince ledar buhu-buhu, da amalanke zan kawo maka ita har ƙofar gidanka mai fenti. Dunƙulen nan kuma na shanya shi na adana. Ranar Juma'a, lokacin da baƙi suka cika zaurenka, zan ajiye maka shi a tsakiyar darduma.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiyar ido da ta hanci, don ka gan shi da kyau, ka shaƙe shi sosai. Ban yafe ba.

Wassalam,
Garba, mai sa ɗaya.