Na Zauna, Jamil Ya Tashi

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hure da yara? Ya ƙafar Inna? An gama yankan gero a Makoda?

Ni lafiya lau. Ina tsibirin Ayislan da wani ƙaramin jirgin sama da zan kai wa mai shi a Kanada. Daga nan zuwa zango na gaba teku ne zalla, in mai ya ƙare babu wurin sauka.

Makon jiya muka duba hasashen yanayi da abokin aikina Jamil. Iska ce mai ƙarfi ta gabanmu, irin mai shanye mai. Na ce man ba zai kai mu ba. Ya ce, "Zai kai, Ikrima, na sha yi." Ya tashi da nasa jirgin, na zauna.

Bai sauka ko'ina ba. An daina nemansa.

Ina cin abinci, ina barci. Kuka dai bai zo ba. An ce in haɗa kayansa, na haɗa.

Kada Inna ta ji. Ka roƙi Malam Kamilu ya sa Jamil a addu'a. An ce gobe iska za ta kwanta. Zan tashi in Allah ya yarda, ta hanyar da ya bi.

Ƙaninka,
Ikrima