Malam, Nusaiba Ta Ce Ta Gama da Aljabara

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da addu'ar da ban fasa yi maka ba tun rasuwarka bara, ina so in ba ka labarin 'yarka Nusaiba.

Ranar Laraba ta dawo daga makaranta ta yar da jakarta a tsakar gida. Ta ce ita ta gama da ajin kimiyya, kanta ba ya ɗaukar aljabara. Na duba takardar gwajin da aka yi musu, ja ne daga sama har ƙasa. Malaminsu ya soke amsoshin, bai nuna mata inda ta kauce ba. Ban ga laifinsa ba, ajin cike yake maƙil.

Ka san ni, lissafina bai wuce awon yadi a shago ba. Amma shekarun da ka yi kana koyarwa a Panda, ina jin ka idan ka baje aikin ɗalibai a kan tabarma bayan la'asar. Ba ka saurin ɗaukar jan biro. Kakan ce, "Yaro ba ya kuskure haka kawai, akwai hanyar da ya bi. Sai na gano ta."

Na zaunar da ita, na ce ta yi min ɗaya daga cikin tambayoyin da baki, a hankali, yadda kake sa su. An rubuta 2(x + 3). Ta ce biyu sau x, sannan ta sauko da ukun yadda yake. Na gaba ma haka ta yi. Ban san amsar ba, Malam, amma na ga abu ɗaya take maimaitawa. Sai maganarka ta faɗo min, cewa lambar da ke wajen baka, irin biyun nan, baƙuwa ce, in ta shiga gida kowa sai ta gaishe shi.

Ina faɗa ta goge ukun, ta rubuta shida. Sauran da kanta ta gyara. Sai ta kifa kai a cinyata tana kuka, ta ce, "Da Abba na nan, da tun zangon farko ya gani." Na kasa ba ta haƙuri, ni ma kukan nake yi.

Ta koma ajin. Jiya ta zo min da wani lissafin mai alamar ragewa a gaban bakan. Wannan kam ban san abin da kake cewa a kansa ba. Ban taɓa tambayarka ba, na ɗauka akwai lokaci.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana.

Matarka,
Maman Nusaiba, Keffi