Ƙanwar Barkono

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Umma da Baba. Ya karatun jinya? An karɓe mana wayoyi tun a bakin get, shi ya sa kika ga takarda. Direban da ke kawo mana burodi ya ce ta gaban asibitinku yake bi, shi zai riƙa miƙa miki.

Yaya, kin cuce ni. Tun ina ƙaramar sakandare kike cika mini kunne da makarantar nan, wai in na shigo aji huɗu zan san na zo duniya. To na zo. Katifar da aka ba ni kamar an jiƙa ta da fitsarin mutum goma aka shanya a inuwa. Kuɗin cizo kuwa ko kunyar rana ba sa ji. Ban-ɗaki sai na toshe hanci da gefen hijabi nake shiga, in fito idona na hawaye. Jiya an ba mu wake, ƙwarin da ke ciki sun fi waken yawa. Wata ta ce mini in rufe ido in ci, ai nama ne.

A tsohuwar makarantarmu ni ce mai kaɗa ƙararrawa, yara na ganina su nutsu. A nan mu da muka zo daga waje sunanmu 'yan tsaki. Ko 'yar aji ɗaya da ta riga mu sanin hanya ta fi mu daraja. Siniyoyi 'yan aji shida su ne sarakai: mu ɗebo musu ruwa, mu yi musu wanki, mu yi musu fifita.

Na yi ƙawa ɗaya, ita ke kwana a saman gadona. Tabarau ake ce mata, don in ta cire gilashinta ko tafin hannunta ba ta gani. Ba ta da surutu, amma lissafi a wurinta kamar shan ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne wani horo da suke kira aikin Barkono. Akwai kwata a bayan wurin wanka, duk ƙazantar ɗakin kwana can take taruwa: gashi, ruɓaɓɓen abinci, audugar mata da aka yar. Wadda ta yi laifi sai a sa ta kwashe da hannu, ba tsintsiya ba shebur, sannan a kora ta ɗakin cin abinci ba a bari ta taɓa sabulu ba. Na tambaya wace ce Barkono, aka ce wata tsohuwar shugabar ɗalibai ce da ta ƙirƙiro shi. Kin san ta? Ina so in ga fuskar mai irin wannan zuciyar.

Ki gaishe da Umma, kada ki faɗa mata zancen waken.

Ƙanwarki,
Auta

*

Autar Umma,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau. Na karanta takardarki a ɗakin hutu, na yi dariya har wata nas ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ke dai shagwaɓa ce ta yi miki yawa. An saba soya miki ƙwai ana tambayarki ko gishiri ya ji. Waken nan mu ma shi muka ci, ga mu nan ba mu mutu ba. Ki fitar da katifar rana, ki bubbuga ta da sanda. Na ba direba maganin ƙwari da sabulu da man shafawa, ki ɓoye su a ƙasan akwati, in ba haka ba siniyoyi za su taya ki amfani da su.

Yanzu ki saurara da kyau. Ki je ki sami kaftin ɗin ɗakinku, ki gaishe ta da ladabi, ki faɗa mata sunana da shekarar da na gama. In a makarantar ta yi ƙaramar sakandare, ta san ni. Shi ke nan, kin gama ɗebo ruwan kowa. Tun ranar da aka kai ki ya kamata ki yi haka.

Ita kuma wannan Tabarau, ki yi a hankali. Masu shiru-shirun nan su ke janyo wa mutum tsiya. Ki nemi ƙawaye masu ido a buɗe.

Baba ya ce ki dage da karatu. Allah ya ba da sa'a.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, na gode.

Na yi abin da kika ce. Na sami Kaftin tana zaune wata 'yar aji biyu na tsefe mata kai. Ina faɗin sunanki ta ture yarinyar ta miƙe tsaye. Ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, sai ta ƙwala kira: “Ku zo ku ga ƙanwar Barkono!”

 Na ce mata ta yi kuskure, yayata aikin jinya take koya. Suka kwashe da dariya. Kaftin ta juyo mini da kunnenta na hagu ta ce, “Kin ga wannan? Tun ina aji ɗaya ba ya ji sosai. Mari ɗaya yayarki ta yi mini.” Wallahi da fara'a ta faɗa, kamar mai nuna kyautar da aka ba ta. Ta ce ke kika koya mata riƙon ɗaki.

A ranar aka mayar da gadona bakin taga, aka ba ni sabuwar katifa. Da safe na tarar da bokitina cike, wata ƙaramar yarinya na tsaye kusa da shi tana haki. Ban iya wanka da ruwan ba.

Ranar Asabar wata siniya ta watsa wa Tabarau wanki, har da kamfai masu jini. Tabarau ta ce za ta wanke riguna, amma waɗannan kam a yi mata haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba. Aka tara mu duka a bayan wurin wanka, rana na dukanmu, warin kwatar na shiga har maƙogwaro. Kaftin ta cire bel ɗinta ta danƙa mini. Ta ce, “Jinin Barkono ba ya kwasar kwata, tsayawa yake a kan mai kwasa. In ta ɗago, ki zuba mata.”

Tabarau ta durƙusa ta zura hannu. Tana kwasowa tana zubawa a bokiti, baƙin ruwa na gangaro mata har gwiwar hannu, ƙudaje na bin fuskarta. Can gumi ya zame da gilashin ya faɗa ciki. Ta shiga lalube da hannu biyu, fuskarta dab da ƙazantar, tana cewa, “Don Allah wa ya gani?” Su kuwa suna tafi, suna ce mata gaba kaɗan, baya kaɗan.

Amai ya taso mini, na yi shi a nan gaban kowa, har ya fallatsa wa Kaftin a silifa. Na yar da bel ɗin, na durƙusa na laluba na ciro mata gilashin. Wani abu mai kaifi ya riga ya yanke ta a tafin hannu, jini na ɗiga cikin baƙin ruwan. Haka aka kora mu cin abinci. Ta zauna ta ajiye hannuwanta a cinya, ba ta taɓa kwanon ba.

Na wanke hannuna da sabulun da kika aiko har fata ta yi ja, amma har yanzu in na kai loma baki sai in ji warin.

Yaya, ki faɗa mini da bakinki. Ke ce?

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Umma na gaishe ki.

E, ni ce. Sai me? Kin rubuto kamar kin kama ɓarawo. Lokacin da na shiga makarantar nan an sa ni na yi tsallen kwaɗo daga get har ɗakin kwana da akwati a ka. An sa ni na lashe miyar da ta zube a ƙasa. Wa na kai wa ƙara? Na shanye, da lokacina ya zo na riƙe ɗaruruwan ɗalibai ba wadda ta isa ta yi tari. Kwatar nan kafin ni toshewa take yi har ruwa ya shigo ɗaki. A zamanina tas take.

Ita mai kunnen, ba ga ta nan ta zama kaftin ba? Ta ce miki tana jin haushina? Makarantar kwana ke nan, tana gasa mutum ya fito da ƙwari. Yau in majinyaci ya yi amai a jikina ko gezau ba na yi, kina tsammani a ina na koya?

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ke. An ɗaga ki saboda ni, kin je kin durƙusa a kwata gaban yara. Ki je ki ba Kaftin haƙuri tun kafin abin ya yi tsami. Ƙawarki kuma taurin kanta ne ya ja mata, wanki ne fa kawai.

Shekara biyu kamar gobe ne. Za ki kai aji shida, ki riƙe bel, ki tuna wannan takardar taki ki yi dariya.

Kada ki kuskura ki kai wa Umma wannan zancen, hawan jininta bai sauka ba.

Yayarki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, don duk lokacin da na ɗauki biro sai in rasa da wa zan yi magana.

Hannun Tabarau ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Ni na raka ta ɗakin shan magani, daga nan na wuce wurin malamar da ke kula da ɗakunan kwana na zayyane mata komai. Tana cin gyaɗa tana saurarona. Da na gama ta ce, “Yaran yanzu ba ku da juriya.” Sai ta ƙare mini kallo ta ce, “Af, ke ce ƙanwar Barkono? Kai, ba mu taɓa yin shugaba irinta ba. A shekararta barci nake har da minshari.” Ta ce in gaishe ki. To na isar.

Mahaifin Tabarau ya zo ya tafi da ita. Tela ne, har da zare a jikin rigarsa, da gani daga kan keken ɗinki ya taso. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya dubi hannun 'yarsa, ya ɗora akwatinta a kafaɗa. Ya ce da ni, “'Yata, an ce ke kika ciro mata gilashi. Allah ya yi miki albarka.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don bai san wa ya riƙe bel ba, bai kuma san sunan wa aikin yake ɗauke da shi ba. Ita ta sani. Ta ce mini sai wata rana, ba ta kalle ni ba. Malamin lissafi ya tambaye ta sau ɗaya a aji, aka ce ta tafi, ya ci gaba da rubutu a allo.

Ban ba Kaftin haƙuri ba. Ta ji na kai ƙara, an ɗauke ni daga bakin taga, an mayar mini da tsohuwar katifata, kwata kuma ta zama tawa duk Asabar har ƙarshen zango. Ina kwasa. Na koyi shaƙar iska ta baki.

Amma kin san abin da ya fi kwatar wari? 'Yan ajinmu. Waɗanda muka yi kuka tare a makon farko, yanzu in an zauna hira ba su da zance sai abin da za su yi in sun kai aji shida. Wata ta ce ita da cokali za ta sa a kwashe, don a daɗe. Har ta zaɓi yarinyar da za ta fara da ita, wata 'yar aji ɗaya mai in'ina. Suna dariya irin wadda kika ce kin yi a ɗakin hutu.

Ina ta tuna lokacin da Baba ya ji ciwo a ƙafa, yadda kike wanke masa a hankali kina hura masa iska kina ce masa sannu. Da wannan hannun kika mari 'yar aji ɗaya har ta kurmance. Na kasa haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya.

Ban faɗa wa Umma ba. Ba don ke ba, don ita.

Auta

*

Autata,

Gaisuwa. Haba, abin har ya kai haka? Duk Asabar? Wannan Kaftin ɗin taku ta wuce gona da iri, ta manta wa ya raine ta.

Ranar ziyara ta kusa, na nemi hutu zan zo da kaina. Kalma ɗaya zan faɗa mata, ba za ki ƙara ganin kwatar nan ba, gadonki ma zai koma bakin taga. In ta ga dama ta sa wata. Me kike so in taho miki da shi? Ki daina fushi, ni ce fa.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Labarin zuwanki ya riga takardarki isowa. Siniyoyi sun sa yara share hanya tun daga get, Kaftin har ta ba da gugar kayanta. In kin zo za ki sami masu tarbarki da yawa.

Kada ki yi mata magana a kaina. In kin cire ni, mai in'inar nan za a saka.

Ba na bukatar komai. In Umma za ta iya zuwa, ta zo ita kaɗai.

Ki huta lafiya.

Auta